Daɓen Maƙwabcin Ƙasa

Ranar da Obrad ya dawo gidan, Slavka tana bakin taga tana ɓare tafarnuwa. Ta ga tasi ta tsaya, direba ya sauke akwatuna da wani talabijin naɗe a bargo, sannan ya zagaya ya kamo hannun fasinjansa ya fito da shi. Da ƙyar ta shaida shi. Mutumin da ya bar gidan nan yana taku ɗai-ɗai, ƙamshin turarensa na rigansa isa titi, shi ne yau yake jan ƙafar hagu yana dogara sanda. Gashin bakin ne kawai bai sauya ba, ya sha baƙin rini kamar kullum.

Sun haura shekara talatin da aure kafin ya tafi. Direban bas ne mai jigilar 'yan ci-rani zuwa Austriya, a wannan hanyar kuwa ya haɗu da wata mai gyaran gashi 'yar birnin Novi Sad, ya tattara nasa ya nasa ya koma wurinta. Aure ya mutu a kotu. Gidan mahaifin Slavka ne ya gina shi da hannunsa, amma da yake su biyu suka sake rufi suka ƙara ɗakuna, alƙali ya yanka wa Obrad nasa kason. Bai taɓa waiwayar kason ba sai da ɓarin jikinsa ya shanye, mai gyaran gashi kuma ta gano ba a halicce ta don jinya ba. Lauyoyi suka zauna suka raba: sama na Slavka, ɗakin ƙasa na Obrad, da ƙofarsa ta bayan gida.

Ta tura taga ta leƙo.

"Sannu da zuwa, maƙwabci. Ita madam ɗin tana tafe ne a wata motar?"

"Ashe kina da rai," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Na ɗauka ɗacin bakinki ya daɗe da kashe ki."

"Ina jiran in ga naka ƙarshen ne tukuna. Bi ta baya, nan ƙofar masu gida ce."

Ɗakin ƙasan nan rumbun Slavka ne. Can take ajiye gangar kabeji mai tsami, da kwalaben miyar tattasai da take dafawa duk kaka, da buhunan dankali. Ita kaɗai ta yi ta hawa da su sama tana cusa su a baranda da ƙarƙashin gado, kowace kwalba ta ɗauka sai ta tsine masa. Abin da ta bar masa shi ne daɓen siminti tsohon yayi, duk ya tsattsage. Ta san daɓen nan kamar yunwar cikinta. Da rani a bushe yake ƙayau. Amma duk shekara, in ƙanƙara ta fara narkewa kogin Sava ya cika ya batse, ruwa ba ya bin ƙofa, ta ƙasa yake tsattsafowa. Siminti ya yi ta gumi, gindin bango ya fitar da farin gishiri, ita kuwa ta duƙa da tsumma da bokiti har lokacin ya wuce. Obrad bai san da wannan ba. Duk zamansu bai taɓa sauka can ba sai in zai ɗauko kwalbar giya, ya ɗauka ya fito.

Kwana kaɗan da zuwansa 'yarsu Nevena ta bugo waya. Ita kaɗai suka haifa, tana aikin jinya a Austriya da mijinta da 'ya'yanta.

"Mama, Baba ba zai zauna a kan siminti tsirara ba, ga hunturu na tafe. Na ɗauki nauyin daɓen. Shi ba ya iya tuƙi yanzu, ke za ki kai shi shagon kayan gini ya zaɓa."

"Tasi sun ƙare a garin ne?"

"Don ni za ki yi, ba don shi ba. Kuma ke kika san ɗakin."

"Na san shi kuwa," in ji Slavka.

Da safe ta fito da mota. Ya kama ƙofar gaba, ta ce ya koma baya, gaba akwai jakarta. Tun daga gida har shagon bai rufe baki ba: ta taka birki kamar mai kashe kyankyaso, ba ta duba madubi, wanda ya ba ta lasisi ya ci amanar ƙasa. Ita kuwa duk ramin da ta gani a titi sai ta bi ta cikinsa.

Mai kula da sashen daɓe wata mata ce mai tabarau rataye a wuya. Ta ji ɗakin ƙasa ne, ta tambaya ko yana da danshi.

"Ko kaɗan," in ji Obrad. "Daga cikinsa na fito yanzu. A bushe yake kamar zuciyar matar nan."

Mai shago ta juya ta dubi Slavka. Slavka ta auna abin a ranta. In ta yi shiru, gobe Nevena za ta ɗora mata laifi. In ta ja shi gefe ta gaya masa a hankali, wataƙila ya ji. Amma akwai abu guda da ta sani game da mutumin nan fiye da kowa: tun da take da shi bai taɓa yin abin da ta umarce shi a gaban jama'a ba. Sai ta ɗaga murya yadda har masu zaɓen fenti a can gefe suka waiwayo.

"Yana da danshi, ruwa ma yake tasowa. Tayil za ka sa, Obrad. Ba ka san komai a kan gida ba, ba ka taɓa sani ba, saboda haka ka rufe baki ka yi abin da na ce."

Kunnuwansa suka yi jajir.

"Tayil," ya ce. "Wato a banɗaki za ki ajiye ni. Ko ɗakin ajiye gawa."

"Ai hanyar ka kama."

Mai shago ta yi gyaran murya, ta shiga bayani don ta raba su. Kafet dai a manta da shi, ruwa zai sha ya yi funfuna. Leda mai kauri ba ta ruɓewa, amma ruwa kan kwanta a ƙarƙashinta ya yi wari. Laminet kuwa garin katako ne aka matse aka manna masa hoton itace a sama, in ya sha ruwa kumbura yake. Tayil ne ba ruwansa da lema. Kowanne dai aka ɗauka, in har daga ƙasa ruwan yake, sai an fara toshe simintin an shafe shi da maganin hana ruwa.

Obrad ba ya sauraro. Ya tsaya gaban wani laminet mai launin zuma yana shafa shi da hannunsa mai lafiya. Slavka ba ta taɓa shiga gidan Novi Sad ba, amma daga yadda yake shafawar ta gane irinsa ne a falon can.

"Wannan nake so. Ba wani shafe-shafe, a shimfiɗa kawai."

"Yallaɓai, in dai gaskiya ne akwai ruwa…"

"Ni zan kwana a ɗakin ko ita?"

"'Yar'uwa, ki zama shaida," in ji Slavka. "Na faɗa masa."

A hanyar komawa ta kauce wa ramuka duka. Har waƙa ta kama yi ƙasa-ƙasa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Aka shimfiɗa laminet, ya yi kyau ba ƙarya. Hunturu ya shigo, ƙasa ta daskare, ɗakin ya zauna lafiya lau. Obrad ya riƙa tara tsofaffin direbobi abokansa suna karta, ya bar ƙofa a buɗe da gangan yana cewa da ƙarfi, "Ku cire takalma, nan ba kamar sama ba ne, mai ɗakin nan ya san abu mai kyau." In ta kunna injin wanki sai ya riƙa dukan silin da sanda. Ita ma ta jawo keken ɗinkinta ta ajiye daidai saman gadonsa, ta tuna da tulin labulen da ke bukatar kalmasa. In sun haɗu wajen zubar da shara ba gaisuwa. Ta ce, "Har yanzu?" Ya ce, "Har gobe."

Ba ta gaggawa. Kogi take jira.

Da ƙanƙara ta fara zuba daga kan rufi tana ɗiga, wari ne ya fara hawowa ta gindin bututu, warin da ta sani sarai. Bayansa sai tari. Kowace safiya tana shan gahawa tana jin tarinsa ta ƙarƙashin ƙafafunta, busasshe da farko, daga baya ya yi nauyi. 'Yan karta suka daina zuwa. Wata rana ta hango shi ta tagar kicin yana jan bokiti da hannu ɗaya, yana waige-waige, ya juye shi a bayan shinge.

"Maƙwabci, ya daɓe?"

"Lafiya lau. Yana gaishe ki."

"Ina amsawa. Ka ce masa ina nan tafe ganinsa."

Ba ta je ba. Ta san abin da ke can: allunan sun kumbura ta bakin haɗi sun tashi kamar kunyar dankali. Sau da yawa ta ɗauki waya za ta gaya wa Nevena, sai ta tuna ranar da ya fita da akwatinsa yana fito, ko juyowa bai yi ba, ta ajiye wayar.

Wata Lahadi da safe tana shirin coci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ta ji wani abu mai nauyi ya faɗi a ƙasa, har kofuna suka yi ƙara a kabad. Shiru ya biyo baya. Can sai ƙarar sanda a jikin bututu, a hankali, ana yi ana hutawa. Ta tsaya tana saurare. So take ta ji ya kira sunanta, sau ɗaya ma ya isa. Bai kira ba, bututun kawai yake duka. Ta ɗauki waya ta kira motar asibiti, sannan ta sa ɗaya takalmin ta zagaya baya.

Tana tura ƙofa wari ya doke ta. Duk inda ta taka sai ruwa ya ɓulɓulo ta tsakanin allunan. Ya shimfiɗa tsofaffin tawul a kan wuraren da suka fi tashi, su ma sun yi baƙi da funfuna. Yana kwance tsakanin gado da ƙofa, ƙafar hagu ta juya ta inda bai kamata ba. Fuskarsa ta yi fari fat, ta ga furfura ta fito a gindin gashin bakin.

"Kin zo kallo?" ya ce, yana cije leɓe.

"Na zo in ga ko ka fasa mini bututu."

"Kira mota."

"Ka ce don Allah."

"Gara in mutu a nan."

"To mutu. Amma ba a kan hanya ba."

Ba ta gaya masa ta riga ta kira ba. Ta fizgo matashi daga gado ta cusa ƙarƙashin kansa, ta rufa masa bargon da ya fi bushewa, ta zauna a bakin gado da kayan cocinta. Tana nan zaune har aka ji jiniyar motar asibiti.

Ƙashin ƙugu ne ya karye, huhunsa kuma ya kamu. Aka yi masa aiki. Nevena ta iso, ta sauka ta duba ɗakin, ta hau sama ta sami uwarta a kicin, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Kin san ruwa na tasowa."

"Na faɗa masa. Je ki tambayi mai shago, a gabanta na faɗa."

"Na san yadda kike faɗar abu, Mama. A gidan nan na tashi."

"Uwarki kike tuhuma saboda mutumin da ya…"

"Ba na tuhumar kowa, na gaji ne da ku duka. Likita ya ce ba zai koma cikin danshi ba. In an sallame shi, ɗakina zai zauna har a gyara ƙasa."

"A nan sama? Sai dai bayan raina."

"Ɗakina ne. In kin ƙi, in tafi da shi, amma kada ki ƙara sa ran ganina ko yaran a bikin waliyyin gida da kike tara mu duk shekara."

Slavka ta ja kujera ta zauna. Da ma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Nata ya yi zurfi, ga ta kuma a ciki.

Nevena ta koma bakin aiki, ta bar mata shi. Mai jinya takan zo da safe ta yi masa wanka ta motsa masa ƙafa, sauran yinin kuwa na Slavka ne. Ya sami cokali da kofin ƙarfe, duk abin da yake so sai ya kaɗa. Ƙwallo a talabijin tun hantsi, murya har titi. Banɗakinta ya cika da ƙamshin turaren nan da ta yi shekaru tana korarsa daga labule. Ta kawo masa miyar wake, ya ɗanɗana ya yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi yawa."

"Ba don kai na dafa ba, ragowa ce."

"Hannunki ya lalace tun da na tafi. Ba mai gyara miki."

"Akwai maganin ɓera a kabad, in ƙara maka ɗanɗano?"

Ya cinye tas, ya suɗe kwanon da burodi. Ya jingina da matashi yana kallon rana ta taga, ya yi miƙa.

"Ni fa na fara jin daɗin nan. Haske, iska, ga mai hidima. Kada ki wahalar da kanki da gaggawar gyaran ƙasa."

Washegari ta jira ya yi barcin bayan karin kumallo, ta zare sandarsa daga jikin gado, ta sa a mota ta nufi shagon. Mai tabarau ta gane ta, ta fara tambayar lafiyar yallaɓai, Slavka ta tare ta.

"Yana nan, abin da ya kawo ni ke nan. Ina son daɓen da ba ya kumbura, ba ya funfuna, ba ya santsi. Wanda gurgu zai taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa bai faɗi ba ko da yana so."

Aka jera mata tayil iri-iri a ƙasa. Ta fito da gorar ruwa daga jaka ta zuba wa kowanne, ta taka da takalmi ta murza, ta dafa sandar Obrad da dukan ƙarfinta ta tura. Masu sheƙi duka suka zame. Wanda ya riƙe sandar gam wani mai kaushi ne, launin toka, mummuna, irin wanda ake sawa a mahauta. Ta ce shi take so. Ta tsare matar da tambayoyi a kan maganin hana ruwa, sau nawa ake shafawa, har ina zai hau bango, da me ake cike tsakanin tayil. Mai shago ta ƙara mata da cewa tunda ruwan na kogi ne, a haƙa ɗan rami a kusurwa a sa famfo mai tashi da kansa, in ba haka ba ruwa zai nemi wata hanya. Slavka ta ce a haɗa da shi.

Ta dawo ta tarar da shi a zaune bakin gado, fuska a murtuke.

"Ina sandata? Fitsari ya kusa kashe ni."

"Ta raka ni unguwa. Ta fi ka amfani."

Magina suka zo suka ɓamɓare laminet ɗin, suka tara shi a tsakar gida yana wari. Slavka ta hana su sakat. Ba ta yarda a shafa komai ba sai da siminti ya bushe, tana manna leda a ƙasa ta dawo da safe ta ɗaga ta ga ko ta yi gumi. Kowace tsaga sai ta nuna da yatsa an cike. Ta sa aka kafa ƙarfen dafawa a matakala da banɗaki, ta rataya a jikinsa da nauyinta ta tabbatar ba zai cire ba. Babban maginin ya ce ya yi aiki da injiniyoyi masu tsanani, amma bai taɓa ganin irinta ba.

Maƙwabciyarta Zagorka ta leƙo ta kan shinge tana murmushi.

"Slavka, irin wannan kulawa haka? Lallai da tsohuwar zuma ake magani."

"Rufa mini asiri. In ya sake faɗuwa, a ɗakin sama zai ƙare kwanansa, ni kuma in ƙare nawa a kurkuku."

Ranar da aka gama, Obrad ya riga ya fara takawa. Ya kawo dalilai: ƙafarsa na zogi, warin siminti zai tayar masa da tari, a bari sai mako mai zuwa. Ta riga ta sauke akwatunansa da talabijin. Ya bi matakala yana riƙe da ƙarfen, tana biye da shi da kofin ƙarfen nan da cokalinsa. Ya tsaya tsakiyar ɗakin ya ƙare wa daɓen kallo. Ya soka sanda ya tura, ba ta motsa ba. Ya sake turawa.

"Kamar tashar mota," ya ce.

"Ka koma gida ke nan."

"Akwai sanyi."

"Sa safa."

Ya zauna a bakin gado da ƙyar. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago.

"Da gangan kika yi mini ihun nan a shago."

"Kai ma da gangan ka ƙi ji."

Bai musa ba. Ta dire masa kofin a kan tebur ta fita, ta ja ƙofar har ta yi ƙara. A sama ta buɗe tagogi duka, ta cire zanen gadon ɗakin Nevena ta jefa a injin wanki.

Da ƙanƙara ta sake narkewa, Sava ya cika fiye da na bara, gidaje da dama a layin suka sha ruwa. Ɗakin Obrad ko gumi bai yi ba. Famfon kusurwa ya yi ta tashi yana kwanciya, tarinsa bai dawo ba. Bai gode ba, ba ta kuma sa rai ba. Ya dai kira Nevena ya kai ƙara cewa uwarta ta sa masa inji mai gurnani a gefen gado don ta hana shi barcin rana.

Da kaka ta zo, bishiyar tuffa ta bayan gida ta yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Gindinta yana ɓangaren Slavka, rassan kuwa sun sunkuya a kan ƙofar Obrad. Ya fito da kwando ya ce duk abin da ya faɗo a ƙofarsa nasa ne. Ta ce bishiyar mahaifinta ce, ko ruɓaɓɓe ba zai taɓa ba. Kowa ya shige ɗakinsa ya ɗauki waya. Nevena tana ganin kiran biyu suna shigowa a jere, ta kife wayar a kan tebur ta ci gaba da cin abincinta.